Jumia, Temu, AliExpress da Jiji: wanne ya fi araha bayan kaya sun iso Gombe?

Farashin da ke kan fuskar waya na Legas ne, ko na ƙasar Sin. Mai saye daga Gombe ba wannan farashin kaɗai zai biya ba. Akwai kuɗin kawowa, akwai kuɗin Keke Napep zuwa inda zai karɓi kayan ya dawo, akwai kuma kwanakin da kuɗinsa za su yi a hannun wani kafin ya ga abin da ya saya. Sai an tara waɗannan duka, an ajiye su kusa da farashin da ɗan kasuwa zai sallama a Babbar Kasuwar Gombe bayan an ja ciniki, sannan a san ko rangwame aka samu ko talla ce kawai ta ja mutum. Da wannan mudu za mu auna shagunan intanet huɗu da mutanenmu suka fi leƙawa.

Jumia ce ta fi daɗewa a cikinsu a ƙasar nan, tun 2012 aka kafa ta a Legas, kuma ita ta fi dacewa da wanda bai taɓa yin oda ba. Sai dai a gane cewa kasuwa ce, ba kanti ɗaya ba. 'Yan kasuwa daban-daban ne ke baje kolinsu a ciki, kowa da farashinsa, kamfanin kuma ya riƙe kuɗi, ya yi dako, ya cire la'adarsa. Shi ya sa za ka ga blenda iri ɗaya sak ta fito sau biyar da farashi biyar. Wadda ta fara bayyana a sama ba lallai ita ce mai sauƙi ba, don akwai masu biyan kuɗi a ɗaga musu kayansu.

Saboda haka kada ka tsaya ga rubuta "blenda" ko "fanka" a wurin nema. Samo lambar samfurin, wato haruffa da lambobin nan da ke jikin kwali ko a ƙarƙashin na'urar, ka rubuta su tare da sunan kamfanin. Idan sakamako ya fito, ka sa a jera maka daga mai araha zuwa mai tsada. Biyu ko uku na farko yawanci ba kayan ba ne, murfinsu ne, ko kofi, ko ƙaramin samfuri da aka liƙa wa hoton babba. Daga inda farashi ya fara taruwa kusa da juna, nan ne farashin gaskiya. Wanda ya faɗo ƙasa da wannan taron da kusan rabi, kada ka yi murna tukuna, buɗe bayanin ka karanta har ƙarshe. Sannan ka duba wanda ke sayarwa: makinsa, yawan waɗanda suka saya a wurinsa, da ko shagon kamfanin ne da kansa mai alamar Official Store. Wajen sharhin masu saye, tsallake masu tauraro biyar, je ka karanta masu ɗaya da biyu, ka duba kwanan watansu. Mutum uku da ba su san juna ba idan suka ce batir ya mutu bayan wata biyu, to batirin yana mutuwa bayan wata biyu.

Kafin ka ji daɗin kowane farashi, sauya wurin da za a kai kayan zuwa Jihar Gombe, ka zaɓi gari. A nan shafin zai nuna kuɗin kawowa da kiyasin ranar isowa. Tsakanin Legas da Gombe ya haura kilomita 1,000, kuma tafiyar nan wani ne zai biya ta. Karɓa a tashar ajiye kaya ya fi a kawo har ƙofar gida sauƙi, to amma wanda ke Tumfure ko Pantami ya saka kuɗin Keke a lissafi, na Kumo, Bajoga, Kaltungo ko Dukku kuwa ya fara duba ko garinsu na cikin jerin, in ba haka ba kuɗin mota zuwa Gombe da dawowa na kansa. Idan kayan da ke kwandonka daga masu sayarwa uku ne, kowanne na iya zuwa da nasa kuɗin kawowa da tasa ranar, ka je tasha sau uku. Ana kuma ajiye kaya a tasha na 'yan kwanaki ne kawai, in ba a zo ba a mayar.

Ga lissafi da alƙaluman misali, don a ga yadda abin ke tafiya. A ce blenda an sa mata naira 38,500, an ja layi a kan 55,000. Kuɗin kawowa tasha 3,200, Keke zuwa da dawowa 800. Ta tashi 42,500. A kasuwa mai shago ya ce 46,000, ka taya 40,000, ya ce albarka, kuka daidaita a 43,000, ya jona ta a wuta a gabanka ta juya, ka ɗauka ka tafi gida ranar. Ratar 500 ce, ba 16,500 da jan layin ya nuna ba, kuma a kan ɗari biyar ba a jiran mako guda. In da waya ce ko agogo, kaya marar nauyi mai tsada, kuɗin kawowa ba ya ci da yawa, lissafin na iya juyawa ya ba intanet nasara. Ga kaya masu nauyi kuwa, firiji, janareta, ko batirin sola mai 200Ah da kan kai kilo 60, da wuya intanet ta doke ɗan kasuwar da ya yo sari mota guda daga Kano ko Legas. Ko ta doke shi a farashi, ranar da abin ya ba da matsala mai shago yana nan inda ka bar shi. Kayan abinci ma ba a maganarsu: wanda ke da Tudun Hatsi a garinsu ba ya odar masara a waya.

Jan layi da agogon da ke ƙirgawa

Farashin da aka ja wa layi mai kaya ne ya rubuta shi da hannunsa. Ba shaida ba ce cewa an taɓa sayar da kayan a haka. Dubi yadda lissafin yake: kaya na 40,000, a ɗaga shi zuwa 50,000, sannan a ce an rage kashi 20 cikin 100. Kashi 20 na 50,000 shi ne 10,000, an dawo 40,000 daidai, ba a rage ko sisi ba, amma ga jan tambari yana walƙiya. Haka nan idan aka ce an rage kashi 20, sannan lambar rangwame ta ƙara kashi 10, ba 30 ba ne, 28 ne, domin na biyun ana cire shi ne daga abin da ya saura.

Maganin wannan ba wani abu ba ne illa ajiye tarihi. Lokutan garaɓasa sanannu ne: Black Friday a Nuwamba, wanda Jumia kan ja shi ya yi makonni, da bikin zagayowar ranar kafa ta a tsakiyar shekara, Konga, wani shagon intanet na ƙasar nan, da nata Yakata a Nuwamba, AliExpress da ranar 11 ga watan 11. Duk abin da kake son saya a Nuwamba, tun Oktoba ka ɗauki hoton shafinsa da farashi, ka maimaita bayan mako biyu, ka kuma tambayo farashinsa a shago biyu a cikin gari. Ranar garaɓasa ka buɗe hotunan. Za ka tarar da kaya kashi uku: waɗanda suka sauka da gaske, galibi a shagunan kamfanoni da kansu, waɗanda ba su motsa ba sai dai jan layin ya ƙara tsawo, da waɗanda suka ma hau. A yi adalci kuma, ba duk hawan farashi ne wayo ba. Tun da aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira a Yunin 2023 kayan waje ke bin dala, farashin wata uku baya na iya zama tsohon labari. Shi ya sa hoton mako biyu ko uku ya fi na bara amfani.

Sayarwar gaggawa mai agogo a sama, akwai ta gaske a ciki, amma guda nawa aka ware? Sau da yawa 'yan ƙalilan ne, cikin mintuna sun ƙare. Mai son ta ya riga ya saka adireshi, ya tanadi kuɗi a asusu, ya san farashin da zai yarda da shi tun kafin lokaci. Wanda agogon ne ya fara sanar da shi cewa yana bukatar kayan, wannan an riga an ci shi.

Lambar rangwame kuma kullum tana da ƙa'ida a ƙananan rubutu: mafi ƙarancin abin da za a saya, rukunin kayan da ta shafa, iyakar abin da za a rage, ko a ce sai sabon mai saye, ko sai an biya tun farko. "A cire 5,000 idan ka yi sayayyar 50,000" kashi 10 ne ga wanda dama kayan 50,000 ya zo saya. Ga wanda kwandonsa 41,000 ne ya cika da tarkacen 9,000 don ya kai, ya ƙara kashe 4,000 ne a kan niyyarsa. Ana saka lambar a shafin ƙarshe kafin biya, kuma a tabbata jimillar ta sauka a ido kafin a danna.

Inda Jumia ta fi sauran shi ne biya bayan kaya sun iso, a kan kayan da aka yarda da hakan. Tana kuma da damar mayarwa, wadda ga yawancin kaya kwana 7 ce daga ranar karɓa. Kayan da aka rubuta daga waje za a turo su, waɗannan sai an biya tukuna kuma sun fi jinkiri, a irinsu gara a leƙa AliExpress a ga farashin asali. Konga, wadda ita ma ta 2012 ce kuma kamfanin kwamfuta na Zinox ya saye ta a 2018, ta cancanci a buɗe ta a matsayin shago na biyu idan kwamfuta, waya ko firinta ake nema. Minti biyu ya isa a kwatanta.

Temu ta shigo Najeriya a ƙarshen 2024, kuma a gaskiya wajen ƙananan kaya tana da araha mai ban mamaki: kayan kicin na roba, marikin waya, jakunkuna, kayan ado na ɗaki, kayan ɗinki, abin wasan yara. Farashi da naira yake. Amma manhajar an gina ta ne don kada mutum ya fita. Da ka buɗe, ga faifai na juyawa, ga akwatin kyauta, ga saƙon cewa ka ci rangwamen dubban nairori. Wannan dunƙulen rangwame idan ka buɗe shi gutsi-gutsi ne, kowane gutsure da adadin sayayyar da sai ka kai kafin ya yi aiki, da ranar da zai mutu. Kyautar da aka ce sai ka gayyato abokai kuma, lokacinka da mutuncin lambobin wayar 'yan uwanka ne kuɗinta. Akwai kuma mafi ƙarancin kuɗin oda, wanda shi ke sa mai neman abu ɗaya ya fito da takwas. Dabarar da ta fi ita ce gida ɗaya ko maƙwabta su haɗa bukatunsu na gaske su yi oda guda. Abu mai kyau da mutane ba su cika amfani da shi ba: idan farashin abin da ka saya ya sauka cikin kwana 30, akwai inda ake neman a mayar da ratar a cikin shafin odar. Sai an nema.

Babbar matsalar kayan Temu da AliExpress ba farashi ba ce, girma ne. Hoto ba ya faɗin girman abu. Tukunyar da ta cika hoto za ta iya isowa ba ta ɗaukar gwangwani biyu na shinkafa. Kowane kaya akwai awonsa da santimita a bayani. Ɗauko tef na tela, ka auna a kan tebur ka ga abin da 12cm ke nufi da idonka. Tufafi da takalma kuma kada a bi XL ko lamba 42, awon Sin ya fi namu matsewa. A auna ƙirji, tsayi, da tsawon tafin ƙafa, a bi jadawalin mai kaya. Hotunan da masu saye suka ɗora da wayarsu sun fi na talla gaskiya nesa ba kusa ba, musamman wajen launi da kaurin yadi. Kayan wuta kuma a duba abu biyu: wutarmu 230V ce, na'urar da aka yi wa 110V kaɗai tana ƙonewa da an jona ta, sannan soket ɗinmu mai baki uku ne irin na Ingila, a zaɓi wannan filogin idan an ba da zaɓi.

AliExpress ta fi Temu wahalar sha'ani amma ta fi ta zurfi. Masu gyaran waya, masu haɗa sola, masu gyaran keken ɗinki, nan ne wurinsu, domin ana samun ɓangaren na'ura da lambarsa. Tarkon da ke ciki shi ne farashin da ake nunawa a waje na mafi ƙanƙantar zaɓi ne. Ka ga mitar auna wuta da arha, ka shiga, ashe kuɗin wayoyinta ne kawai, sai ka danna hoton mitar kanta farashi ya ninka. Neman kaya da hoto yana aiki sosai a nan: ɗauki hoton abin da mai talla a TikTok ko WhatsApp ya ɗora, ka saka a wurin nema na manhajar ko a Google Lens, sau da yawa za ka ga ainihin inda ya samo hoton da farashin da ya sayo. Ba laifi ba ne ya ci riba, shi ya jira makonni ya ɗauki kasadar, amma ka san da me kake tayawa.

Biyan kuɗi ya yi sauƙi a kan da. Daga 2022 bankuna da dama sun dakatar da sayayyar waje da katin naira, sai a tsakiyar 2025 wasu suka dawo da ita, kowanne da iyakar dalar da ya yarda a kashe. Canjin da banki zai yi maka ba lallai ya zo daidai da wanda manhaja ta nuna ba, don haka abin da aka cire a alat shi ne farashi. Wajen kwastan, hukumar ta sanar a Satumbar 2025 cewa ƙananan kayan da ba su wuce dala 300 ba za su shigo ba haraji, har sau huɗu a shekara. Jira kuwa na makonni ne, kuma bayan kaya sun sauka Legas akwai sauran tafiya. Mai son kayan Sallah ya yi oda tun kafin azumi ya kama, kuma a tuna masana'antun Sin na tafiya hutun sabuwar shekararsu a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu. A adireshi a rubuta unguwa da sananniyar alama, masallaci ko makaranta ko gidan mai, a sa lambar wayar da ke kunne kullum, domin mai kawowa kira zai yi, ba neman lambar gida ba. Lambar gidan waya ta cikin garin Gombe da 760 take farawa. Sannan kada a danna cewa an karɓi kaya alhali ba su zo hannu ba, ko da mai sayarwa ya roƙa, domin daga wannan dannawar kwanakin ƙorafi ke fara ƙirguwa.

Jiji daban take da duka ukun. Allon talla ce, kamar dillali da ya nuna maka mai kaya ya koma gefe. Ba ta riƙe kuɗi, ba ta kawo kaya, kuma ita da kanta tana gargaɗin kada a biya kafin a gani. Idan ka taƙaita nema a Jihar Gombe tallace-tallacen ba su da yawa, amma na hannu irin su waya, babur, firiji da kujeru ana dacewa, a haɗu da rana a wurin jama'a, a gwada, a biya. Babban amfaninta ga mutumin Gombe ma ba saye ba ne, sanin farashi ne. Duba abin da 'yan kasuwannin Computer Village da Alaba a Legas ke kira, duba na Kano da Abuja, ka ɗauki na tsakiya, ka shiga kasuwa da shi a kai. Wanda ya ce "turo kuɗi in ba direba" alhali ba ka san shi ba, cinikin biri a sama ke nan. In ya zama dole, a sami ɗan uwa a can ya je ya gani da ido, ko a yi kiran bidiyo mai kaya ya nuna kayan a kunne, kuma sunan da ke kan asusun banki ya dace da sunan shagon. Haka dokar take ga masu sayar da atamfa, leshi da shadda a Instagram da WhatsApp, da ƙarin tambaya ɗaya: farashin na yadi ne ko na turmi? Turmin atamfa yadi 6 ne, leshi kuma akasari 5 ake yankawa. A nemi bidiyon yadin a hasken rana, a kuma tambayi wanda ke zuwa Kantin Kwari nawa ake sayar da irinsa.

Kwatanta abin da ke ciki, ba sunan da ke waje ba

Rabin arahar da ake gani a intanet daga nan take fitowa: kaya biyu masu suna ɗaya, cikinsu daban. Waya ita ce kan gaba. Samfuri ɗaya na Tecno, Infinix, itel ko Redmi kan fito da ma'aji 64GB, 128GB ko 256GB, kowanne da kuɗinsa. Idan ka ga an rubuta RAM, wato ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da manhajoji da ita, 8GB amma a gaba an sa 4+4, huɗu ne na gaske, sauran huɗun aro ne daga ma'ajin wayar, kuma ba su kai na gaske sauri ba. Kada ka kwatanta ta da mai 8 cikakku ka ce ka sami araha. Wayar da za a turo daga waje kuma a tabbata tana ɗaukar layukan 4G da kamfanoninmu ke aiki da su, irin su 3, 7, 20 da 28, kuma a san garantinta ba lallai ya yi aiki a nan ba.

Fawa bank kuwa ma'auninsa nauyi. Ƙwayar batir ɗin nan mai kama da yatsa, 18650, wadda ake haɗa fawa bank da yawa da ita, nauyinta wajen giram 45, kuma mai kyau ba ta wuce 3,500mAh. Ke nan 20,000mAh na gaske sai ya kai giram 300 zuwa 450, mai 50,000 kuwa yana dosan kilo guda. Wanda aka rubuta wa 50,000 amma ya shige aljihun gaban riga ba nauyi, ƙarya ce aka buga a jikinsa. Ko na gasken ma, ana yin lissafin ne a kan 3.7V, kuma ana asarar wani kashi wajen juya wutar, shi ya sa 20,000mAh ke cika waya mai batir 5,000mAh sau biyu da rabi zuwa uku, ba sau huɗu ba. Wannan ba aibi ba ne, haka abin yake.

Farantin sola ma girmansa ke tona shi. Murabba'in mita ɗaya na faranti mai kyau wat 200 zuwa 220 yake bayarwa a tsakar rana. Farantin da tsawonsa mita ɗaya, faɗinsa santimita 67, ba zai wuce wat 140 da 'yan kai ba, ko an rubuta masa 300. A bayansa akwai takarda mai alƙaluma biyu, Vmp da Imp, ninka ɗaya da ɗayan ka ga ko sun ba da wat ɗin da ake faɗa. Fanka mai caji a duba inci 16 ce ko 18, da ƙarfin batirinta, 4.5Ah ko 7Ah, domin nan ne bambancin wadda za ta kai asuba da wadda za ta tsaya ƙarfe ɗaya na dare. Kuma lokacin sayenta hunturu ne, ba Maris da Afrilu ba da zafin Gombe ya sa kowa ke nemanta. Kayan da ake sayarwa a ƙunshi, kamar famfas na yara ko sabulu, a raba kuɗin da yawan abin da ke ciki, babban ƙunshi ba kullum ya fi sauƙi ba. Man shafawa, magani da kayan ci, in babu lambar NAFDAC a bar su komai arhar.

Wata asarar kuma ba a farashi take ba. Lokacin garaɓasa 'yan damfara ke buɗe shafukan bogi masu kama da na manyan shaguna, su tura ta WhatsApp cewa an ci kyauta. Shiga ta manhajar da ka sauke da kanka, ba ta saƙon da aka turo ba. Babu shagon da ke bukatar lambar sirrin katinka, ko BVN, ko lambar nan da banki ke turowa ta tes, don ya mayar maka da kuɗi. Da yawa sun fi samun natsuwa da ware asusu ɗaya na sayayya, su zuba masa daidai kuɗin oda.

Ranar karɓa ita ce ranar da rangwame ke tabbata ko ya lalace. Duba kwalin tun a tasha, in ya jiƙe ko ya fashe ka ɗauki hoto a wurin. A gida kunna bidiyo kafin ka yanke salatif, ka nuna takardar da ke manne mai lambar oda, ka buɗe ba tare da tsayar da ɗauka ba har ka kunna na'urar. Waya a danna *#06#, lambar shaidar wayar, wato IMEI, da ta fito ta dace da ta jikin kwali, sannan a shiga saiti a ga ma'aji da RAM. Memori ko filas mai girma da aka samu da arha, kada a yarda da abin da waya ta nuna, na jabu an shirya shi ya faɗi 128GB alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ya cika tsofaffin hotuna su fara lalacewa. A cika shi da bidiyo har wuya a buɗe na farko da na ƙarshe, ko a gwada shi da manhajar H2testw a kwamfuta. Fawa bank da fanka a cika su, a yi aiki da su har su mutu, a ƙirga awanni, duk a cikin kwana biyun farko. In akwai matsala a shigar da ƙorafi ta cikin manhajar, ba ta lambar WhatsApp ta mai kaya ba, domin abin da ke rubuce a manhaja shi kamfani zai duba. In an ƙi saurara, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi ta intanet, kuma za ta nemi rasit da waɗannan hotunan. Leda, takardar garanti da 'yan wayoyin da suka zo ciki duk a adana, don ba a karɓar mayarwa in sun ɓace. Kwalin ma a ɗora shi kan durowa, kada yara su yi mota da shi sai kwana bakwai ɗin sun cika.